Kayan Da Barira Ta Karɓa A Hanyar Gawa

Ku matso nan. Mardiyya, kife wayar nan, haskenta yana damuna. Kuma duk wadda ta katse ni da tambaya, tashi zan yi in kwanta, ku kwana da rabin labari.

Kun san Yaya Barira, 'yar gidan Malam Ɗanjuma mai ɗinki, wadda ta dawo daga Ingila bara kuma ba ta son a tambaye ta komai? To, labarinta ne.

Barira tun tana ƙarama abu ɗaya aka san ta da shi. Ba ta iya ganin babba da kaya. Ko daga rijiya ne, ko daga injin niƙa, ko tsohuwar da ba ta taɓa gani ba a bakin kasuwa, sai ta ce, "Sannu Iya, kawo." Ta naɗe ɗankwali ta yi gammo, ta ɗora a ka, ba za ta sauke ba sai a ƙofar gidan mai kayan. Har tsokanarta ake yi, ana ce mata Barira amalanke.

Tana da ƙanwar uwa, Anti Zuwaira, 'yar boko, tana aikin kula da tsofaffi a Ingila. Rannan Antin ta bugo waya ta ce ta samo gurbi ɗaya a wajen aikinsu. A dangi ga masu digiri, ga waɗanda suka yi makarantar jinya, duk ta tsallake su.

"Barira nake so," ta ce. "Ita ce mai tarbiyya."

Uwar Barira har kuka ta yi don daɗi.

Ku da kun ji Ingila sai ku hango benaye da fitilu. A'a. Ƙauye ne, sunansa Wendil. Gidajen ba su kai arba'in ba, duk na baƙin dutse. Kanti ɗaya, coci ɗaya da maƙabarta a kewaye da shi. Tumaki sun fi mutane yawa. Ko'ina tudu ne da ciyawa, da katangun duwatsu da aka jera ba siminti. Ruwa kullum yana yayyafi. In sanyi ya shigo, ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu, kina sallame la'asar magariba ta iso.

Barira ta tarar da Antinta a karkace. Kafaɗar hagu ta yi ƙasa kamar mai riƙe da bokiti cike da ruwa, alhali hannunta ba komai. Ɗakinta warin man zafi kawai yake yi. Da duhu ya fara, sai ta juya wa ƙofa baya ta ƙure ƙarar talabijin. Wani lokaci Barira takan ji kamar an ajiye wani abu a bakin ƙofa. Dum. A hankali. In ta yunƙura za ta duba, sai Anti ta ce, "Zauna. Iska ce."

Aikin, gida-gida ake bi. A yi wa tsoho wanka, a ba shi magani, a haɗa masa shayi. Na ƙarshe a kullum shi ne Mista Hobs, tsohon makiyayi, ya haura tamanin, gidansa shi kaɗai can a saman tudu. Anti ce ke kai ta a mota, ta dawo ta ɗauke ta. Barira Baba take ce masa. Da farko ya ce shi bai haife ta ba, daga baya in ba ta faɗa ba har fushi yake yi.

"Wannan shayi ne ko ruwan wanke-wanke?" haka yake ce mata kullum.

"Baba, in ba ka sha, miƙo min."

Sai ya riƙe kofinsa gam.

To, wata rana a watan Disamba, Anti ta kai ta da rana. Ta tsayar da mota, ba ta kashe ba.

"Yau ba zan dawo ɗaukarki ba. Motar za ta gareji. Akwai hanyar ƙafa ta bayan gidansa, tana gangarawa har coci. Minti arba'in ne."

"To, Anti."

Barira za ta fita, ta riƙo hannunta. Hannun Anti sanyi ƙalau.

"Kin ga mutanen nan ba su san girman tsoho ba. Sai su wuce kakarsu da kaya, ko kallonta ba za su yi ba. Kar zama da su ya canza ki."

"Haba Anti. Ni?"

"Na sani. Shi ya sa na ce ke."

Tana maganar, gilashin mota take kallo, ba Barira ba.

Da ta gama aiki ta sa rigar sanyi ta nufi ƙofar baya, sai Mista Hobs ya ajiye kofi.

"Ina Zuwaira?"

"Mota ta lalace, Baba. Ta nan zan bi."

Ya gyara zama.

"Ita ta ce ki bi ta nan?"

"Ita."

"Hanyar gawa ce," ya ce. "Da can mu mutanen tudu ba mu da maƙabarta. A kafaɗa ake sauko da mamaci har coci. Ki kwana nan, ga kujera."

"Baba, ina da aikin asuba."

"To in kin bi, kika ga wata da kaya, ki wuce. Kar ki gaishe ta. Kar ki karɓa."

Barira ta danne dariya. Ga abin da Anti ta gama faɗa. Kuma tsohon nan wani lokaci har karensa da ya mutu shekara goma yake kira ya zo ya ci abinci. Ta ce, "To Baba," ta ja ƙofa.

Hanyar siririya ce, tsakanin katanga biyu. Ciyawa ta fara daskarewa, tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Hazo ya taso daga kwari. Numfashinta yana fita kamar hayaƙi, don a can in sanyi ya yi, bakin kowa hayaƙi yake. Can ƙasa tana hango fitila ɗaya, ta ƙofar coci.

Tumaki suna kiwo. Sai suka daina.

Duk suka ɗago kai lokaci ɗaya. Ba ita suke kallo ba. Gabanta suke kallo.

A inda katanga ta tare hanya akwai 'yar matakala ta katako da ake hawa a tsallaka. A gindinta ga mace a tsaye, a duƙe, da doguwar riga mai duhu da mayafin ulu a ka. Ta rungume wani dogon kwando da hannu biyu, an rufe shi da farin ƙyalle. Tana ɗaga ƙafa za ta hau, kayan yana mayar da ita. Ta sake. Ya mayar da ita.

Barira ta tuna maganar Mista Hobs. Wallahi ta tuna. Amma kafin tunanin ya gama, bakinta ya riga ya yi abin da ya saba.

"Sannu Mama. Kawo."

Matar ta miƙo.

Nauyin ya kusa tsinka mata hannu. Ɗan kwando, amma kamar buhun masara. Wata da a hannu za ta rungume, kamar yadda mutanen can suke yi. Barira kuwa ta jingina shi da katanga, ta kwance mayafin wuyanta, ta murɗe ta yi gammo, ta durƙusa ta ɗora a ka. Ta miƙe. Wuyanta ya amsa, amma ya tsaya.

Matar ta ɗago tana kallonta, kamar ba ta taɓa ganin an yi haka ba.

Suka tsallaka. Suka fara gangara.

Ƙaras, ƙaras, ƙaras. Tafiyar mutum ɗaya.

Barira ta saurara da kyau. Su biyu ne, amma takun mutum ɗaya take ji. Ba ta iya sunkuyawa saboda kaya, sai ta saukar da ido kawai, ta duba ƙafa kamar yadda aka koya mana. Ba kofato ba ne. Ƙafar mutum ce, ba takalmi, fara fat. Tana taka ciyawa, ciyawar ba ta kwanciya.

Ta kalli bakin matar. Ba hayaƙi.

Ta fara Ayatul Kursiyyu a zuci. Ta kai ƙarshe ta sake.

"Kin fi waccan ƙarfi," in ji matar.

Tana gefenta na dama, amma muryar daga bayan kunnenta ta fito.

"Wacce?" Barira ta ce. Da ƙyar.

"Mai irin fatarki. Sanyi biyar da suka wuce. Ta karɓa kamar yadda kika karɓa. A gada ta yar, ta gudu."

Wani ruwa mai sanyi ya ɗigo daga kwandon ya bi bayan wuyan Barira.

"Duk a gada suke yarwa. Wanda ya yar, da shi nake komawa gida. Kullum in kai masa kayan ƙofa, sai ranar da wani ya karɓa da kansa, ba a roƙe shi ba. 'Yan garin nan sun daina miƙo hannu tun kakanninsu." Ta juyo ta kalli Barira. "Waccan ta ce in yi haƙuri. Ta ce a gidansu akwai yarinya da ba ta iya wuce mai kaya."

Barira ba ta tsaya ba. Ƙafarta ce kawai ke tafiya. Ta tuna masu digiri da aka tsallake. Ta tuna kukan da uwarta ta yi.

Sai waya ta yi ƙara a aljihunta. Kun san mai kaya a ka hannunta a sake yake. Ta ciro. Anti.

"Barira," ta ce. "Kin haɗu da kowa?"

"Na haɗu."

"Kin karɓa?"

Ba ta ce kina lafiya ba. Ba ta ce kina ina ba.

"Na karɓa, Anti."

Ta ji wani dogon numfashi a wayar, irin na wanda aka sauke wa kaya.

"Kafaɗata ta saki," Anti ta ce, tana kuka. "Barira, ta saki. Ki saurare ni. In kin zo gada ba za ki iya ba, ba wanda ya taɓa iyawa. Ki yar, ki rugo gida. Ba ya kisa. Ciwo ne kawai, ana sabawa. Shekara ɗaya, biyu, sai mu nemo wata."

"Wa?"

Anti ta ja hanci.

"Wa, Anti?"

"Ai Sakina ma tana ta naci tana son zuwa."

Sakina ƙanwar Barira ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Barira ce ta goye ta. Ita ta koya mata yin gammo.

Ta kashe wayar ta mayar aljihu.

Ga gadar. Ba gada ba ce ta kirki, falalen dutse ne guda biyu aka shimfiɗa a kan rafi, ba abin riƙewa. Ruwan baƙi, yana gudu ba ƙara. Dutsen yana sheƙi, ƙanƙara ta kwanta a kai.

"Mama," Barira ta ce, "ina za a kai?"

Matar ta tsaya cak.

"Ba wanda ya taɓa tambayata."

"Mu a garinmu ba a ajiye wa mutum kaya a hanya. Ina ne ƙofar?"

Matar ta ɗaga hannu ta nuna fitilar coci.

"Ɗana ne. Kwana tara ya yi a duniya. Ƙanƙara ta rufe hanya, maza suka ce sai ta narke za a sauko da shi. Na ɗauko shi ni kaɗai. A nan na zauna in huta, ban sake tashi ba."

Barira ta cire takalmi da safa, don takalmin Turawa santsi gare shi. Ta yi bismillah. Ta ɗora ƙafa a dutse.

Nauyin ya ninka.

Kamar an hau kan kwandon an zauna. Ƙashin wuyanta ya yi ƙara, ta ji shi a cikin kunnenta. Idonta ya yi duhu. Sanyin dutsen ya huda tafin ƙafarta kamar ƙusa. Ta ja ƙafa ɗaya. Ta ja ɗayar. Ba ta kalli ruwa ba, mai kaya a ka gaba yake kallo.

A tsakiyar gada, abin da ke cikin kwandon ya motsa.

Ya juya, kamar yadda jariri ke juyawa a goye. Kwandon ya karkata hagu. A nan ne kowa ke saki, don wanda ya rungume a ƙirji, a jikinsa yake jin motsin. Barira ma hannunta ya tashi zai ture. Sai ta ga fuskar Sakina, da jaka, tana murmushi a filin jirgi.

Ta kai hannun ta dafa gefen kwandon. Ta ɗan bubbuga, kamar yadda ake yi wa goyo.

"Yi shiru," ta ce da Hausa. "Mun kusa."

Ya lafa.

Taku uku, ta taka ƙasa.

Daga nan ba ta san yadda ta yi ba. Ta wuce gona biyu. Ta wuce wata ƙofar katako da ta buɗe da ƙafa. Jini na fita a yatsunta, ba ta ji. Har ga katangar maƙabarta, da wata ƙofa mai ɗan rufi a sama, da fitilar nan ɗaya.

Ta tsaya. Kaya irin wannan ba a sauke shi mutum ɗaya.

"Kama min," ta ce.

Matar ta zo gabanta. Suka kama tare. Yatsunsu suka haɗu, kuma Barira ta ce har yau in ta tuna, wurin sai ya yi mata sanyi. Suka ajiye a kan dakalin da ke ƙarƙashin rufin.

Matar ta miƙe tsaye, sosai, karon farko. Mayafin ya zame. Ashe ba tsohuwa ba ce. Yarinya ce, ba ta kai Barira ba. Kayan ne ya tanƙwara ta.

Ta ɗaga farin ƙyallen kaɗan, ta sa hannu, ta ciro wani abu ta danƙa wa Barira a tafi. Ta ɗauki kwandon da hannu ɗaya, kamar ba komai a ciki. Ta shiga. Fitilar ta yi ƙasa ta dawo. Ba kowa.

Barira ta buɗe hannu. Safar jariri ce ta ulu, ƙwaya ɗaya, saƙar hannu. Da ɗumi, kamar yanzu aka cire ta daga ƙafa.

Ta isa gida ba takalmi. Anti ta buɗe ƙofa tun kafin ta ƙwanƙwasa. A miƙe take, kafaɗa daidai, har ta ƙara tsawo. Gidan yana ƙamshin miyar kuka da man shanu, abincin da Barira ta fi so. Barira ta wuce ta ta shiga ɗakinta. A kan filo ga kwalbar man zafi, sabuwa, an ajiye mata.

Wannan kwalbar ta fi komai yi mata ciwo. Tun da safe aka saya.

Ta ɗauko ta fito da ita ta dangwarar a tebur.

"Ba na buƙata. Na kai mata."

"Kin kai ina?"

"Inda za ta."

Anti ta zauna a hankali. Ta kalli kafaɗar Barira, ta kalli ƙafarta.

"Ki ci abinci," ta ce.

"Da kin faɗa min."

"In an faɗa ba ya karɓuwa. Sai wanda ya miƙa hannu da kansa." Ta share ido. "Shekara biyar, Barira. Ba ki san abin da na gani ba. Ban yi barcin awa uku a jere ba."

"Da kin faɗa min, da na zo duk da haka. Mu bi hanyar tare, ke da ni. Kin san da na zo."

Anti ta sunkuyar da kai. Barira ta ci gaba.

"Umma kullum sai ta sa miki albarka a waya."

"Kar ki gaya wa Ummanki. Don Allah." Ta miƙo hannu. "Ga shi ma ya zo da sauƙi. Ai na san ke za ki iya."

"Ba ki sani ba, Anti. Da kin sani, da ba ki sayi man zafi ba."

A daren ta haɗa jakarta. Ta ƙarasa watanninta a wani ɗaki a saman kanti, tana zuwa wa Mista Hobs ta titin mota, tafiyar awa ɗaya da rabi, ko ana ruwa. Shi ne ya gaya mata kar ta ɗauka hanyar ta zama lafiya. Shekara ɗaruruwa ana sauko da gawa ta nan, ya ce, kuma ba yarinyar nan kaɗai ce ba ta ƙarasa ba.

Safar tana nan a ƙasan akwatinta. Sakina ta taɓa ta sau ɗaya, ta ce har yanzu da ɗumi. Aljana ce ta ari kamannin yarinyar, ko mene ne, Allah ne masani. Uwarsu har gobe ba ta san dalilin da Barira ta yayyaga takardun tafiyar Sakina ba, kuma har gobe tana sa wa ƙanwarta albarka.

Amma ga abin da ya fi tsaya min. Sati ɗaya da dawowarta, tana zaune a zaure, sai ga uwarta ta dawo daga niƙa da ƙwarya a ka, tana haki. Barira ta miƙe. Hannunta ya tashi. Sai ya tsaya a hanya.

Ta saukar da ido ta kalli ƙafar uwarta.

Uwar da ta haife ta.

"Lafiya, amalanke?" uwar ta ce, tana dariya. "Turai ta hana ki ɗaukar kaya?"

Ta karɓa. Ta kai har madafa. Sannan ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, aka daɗe ana jin kukanta.

To, kun ji. In Allah ya kai ɗayarku ƙauyen nan, kika ga siririyar hanya tsakanin katanga biyu tana gangarawa coci, kar ki bi ta ke kaɗai. In kuma wani naki ne ya nuna miki ita, ya ce minti arba'in ce, ki ce ya wuce gaba ki bi shi a baya.

Mardiyya, tashi ki rufe ƙofar nan. A'a, ke kika fi kusa.